Kuloci, Mai Shiga Tsakanin Inji da Giya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Taramniya, ɗaya daga cikin ƙofofi takwas na tsohuwar ganuwar Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, a sa'ad da motoci da 'yan kabu-kabu suka cushe hanya, kowa yana matsawa kaɗan yana tsayawa, lalle ya ji injuna suna ruri alhali tayoyi ba su motsi. Ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar sababin haka, ga shi kuwa mas'ala ce mai fa'ida ga duk mai abin hawa.

Inji ba kamar jaki ba ne, wanda zai tsaya cik da kaya a bayansa, sa'an nan ya ɗaga ƙafa ya ci gaba. Muddin inji yana raye, tilas ne ya riƙa juyawa, galibi sau 700 zuwa 900 a minti ɗaya ko da mota tana tsaye. In kuwa aka ɗaure shi kai tsaye da tayoyin da ba su motsi, nan take zai mutu. Saboda haka ya zama wajibi a sami mai shiga tsakani, wanda zai raba inji da giyabos idan ana bukata, ya kuma sada su sannu a hankali, ba da fizga ba. Wannan shi ne kuloci.

Ga yadda hikimar take. A bayan inji akwai wani ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi. A jikinsa farantin kuloci yake kwance, wanda aka liƙa wa fuskokinsa biyu wani abu mai kaushi irin na birki, tsakiyarsa kuma tana zaune a kan sandar da ke shiga giyabos. Daga baya sai murfi mai ƙaƙƙarfan sifirin ya danne farantin, har su ukun su riƙa juyawa tamkar abu guda, kamar yadda mutum zai matse faifai tsakanin tafukansa, duk inda hannu ya juya faifan ya bi. Idan direba ya taka kuloci da ƙafar hagu, sai wani boris ya tura tsakiyar sifirin ɗin, murfin ya saki, inji ya ci gaba da juyinsa shi kaɗai, a sami damar sauya giya ba tare da haƙoranta sun ci juna ba. A babur ma ƙa'idar ɗaya ce, illa dai farantansa da yawa ne, suna cikin man inji, kuma da hannun hagu ake kama shi.

Amma inda illar take, wanda kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne tsakanin takawa da saki. A wannan ɗan lokaci faranti yana goguwa ne, bai kama ba bai saki ba, goguwa kuwa zafi take haifarwa. Daƙiƙa biyu wajen tashi ba laifi, domin don haka aka yi shi. Sai dai direban da ya mai da kuloci matashin ƙafarsa, ko yake riƙe mota da rabin kuloci a cikin cunkoso, ko ya lafta buhunan albasa fiye da ƙima sa'an nan ya tashi da giya ta biyu, haƙiƙa da ƙafarsa yake cinye farantin, kuma ina ganin wannan ɗabi'a ta fi rashin ingancin kayan gyara kashe kuloci a garuruwanmu.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: a taka totur, inji ya yi kuka, mota ba ta ƙara gudu ba, ko a ji ƙauri kamar na ƙonewar birki. Da yake ba a kaiwa ga faranti sai an sauke giyabos, ya kamata in an buɗe a duba murfi da boris gaba ɗaya.

Don haka ina roƙon direbobinmu, musamman masu koya wa yara tuƙi: in an tsaya, a mai da giya firi, a taka birki, a ɗauke ƙafa daga kuloci.