YADDA MUKA GYARA GIDAN KAKANMU KAFIN A SAYAR DA SHI

Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne yadda ake shirya gida idan za a sayar da shi, da yadda ake sabunta adon ɗaki wanda yayinsa ya wuce. Ni ba magini ba ne, ba kuma dillali ba. Abin da ya sa na san kaɗan daga cikin wannan al'amari shi ne, a hannuna aka yi shi, na ɗauki kwanon siminti da kaina, na kuma kankare bango har hannuna ya yi kanta.

Kakanmu na wajen uba ya rasu ya bar gida guda a cikin garin Dutse, ya bar matarsa, wato kakarmu da muke kira Inna, da 'ya'ya 7. Gidan ba zai rabu gida-gida ba, don haka magada suka yanke shawarar a sayar a raba kuɗin. A shari'a matar da mijinta ya mutu ya bar 'ya'ya, kashi 1 cikin 8 take samu, wato tumuni. Da wannan tumunin, da abin da 'ya'yanta za su tara mata, ake so a sama wa Inna ɗan ƙaramin gida kusa da namu. Daga rabon mahaifina kuma ake sa ran biyan kuɗin karatun yayata. To, kun ga ke nan idan gidan ya faɗi a kasuwa, ba mutum ɗaya abin zai shafa ba.

Dillalin farko da aka kawo ya zagaya gidan bai ko zauna ba. Ya ɗaga kai ya dubi tabon ruwa a silin, ya ƙwanƙwasa gindin bango, ya ce shi fili kawai ya gani, ginin kuwa sai dai a rushe. Kuɗin da ya taya bai kai abin da ake bukata ba ko kusa. Da ya fita, sai Baffa, yayan mahaifina, ya ce, "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A ba mu rani guda." Daga nan aikin ya soma.

Kafin in shiga bayanin aikin, ya kamata in faɗi dalilin da ya sa gida a Dutse ya zama abin ciniki haka. Kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse tana cikin Jihar Kano ne. A wannan rana gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka mai da Dutse babban birninta. Ma'aikata suka taso daga Kano da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim suna neman wurin zama. A shekarar 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, malamai da ɗalibai suka ƙaru. Saboda haka mai sayen gida a yau sau da yawa baƙo ne, ma'aikaci ko ɗan kasuwa, wanda bai san kakanka ba, bai kuma san tarihin gidan ba. Abin da idonsa ya gani shi zai saya.

Abu na farko da aka gyara ba bango ba ne, takarda ce. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, kuma wanda yake da takardar mallaka ta gwamnati ba zai mayar da ita ga wani ba sai da amincewar gwamna. Saboda haka Baffa ya tono takardun filin daga cikin adakar marigayi, ya je ofishin da ke kula da filaye ya tabbatar ba a bin gidan bashin kuɗin ƙasa. Sa'an nan aka tara magada duka, maza da mata, a gaban mai unguwa da liman, kowa ya faɗi amincewarsa da bakinsa, aka rubuta. An kuma fara tambayar ko akwai mai iya saye a cikinsu, domin a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gida yana da haƙƙin shufa'a, wato ya fi bare cancantar sayen rabon ɗan'uwansa. Da babu mai hali, sai aka buɗe ƙofa ga na waje. Gidan da magaji ɗaya bai yarda ba, ko an shafe shi da zinariya, mai hankali ba zai saya ba.

Abu na biyu shi ne ruwa, domin shi ne babban abokin gaban gini. Magini ya ce mana kullum daga sama ake fara gyara a gangaro ƙasa. Dalili kuwa, idan ka yi fenti rufi yana yoyo, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya mayar da kai baya. Aka hau kan kwano aka canja fallayen da suka yi tsatsa, aka sake buga ƙusoshin da iska ta sassauta. A kan soron zaure aka gyara indararo, aka ƙara masa tsawo don kada ruwa ya riƙa zuba a gindin bango. A tsakar gida aka yashe rariya, aka karkata daɓen yadda ruwa zai bi ya fita waje. Duk wannan a cikin rani aka yi shi, saboda yaɓe yana son ya bushe sarai kafin damina.

A nan na koyi wani abu da ya ba ni mamaki. Gidan kashi biyu ne: zaure da turakar marigayi na tubalin ƙasa ne, ɗakunan ciki kuwa na bulon siminti, waɗanda aka ƙara bayan 1991. A wancan lokaci an shafe bangon ƙasar da siminti don ya yi kama da na zamani. To, ashe siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai. Danshi yakan shiga tsakaninsu ya rasa hanyar fita, sai ƙasar ta ruɓe daga ciki, simintin kuma ya ɗago ya yi ƙoƙo. Idan ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, to ya riga ya rabu da bangon. Wannan ne dillalin nan ya ji. Sai aka ɓanɓare shi duka, aka sake yaɓe da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, aka shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da magabata ke amfani da shi don ƙarfafa yaɓe da daɓe. Aka kuma bi azara ɗaya bayan ɗaya ana neman hanyar gara, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Game da silin akwai gargaɗin da nake so iyaye su riƙe. Yawancin farin silin mai murabba'i da aka sa a gidaje a shekarun 1970 zuwa 1990 yana ɗauke da wani sinadari mai suna asbestos. Idan yana nan lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma idan aka fasa shi ko aka goge shi, ƙurarsa tana shiga huhu ta zauna, ta haddasa mummunar cuta bayan shekaru masu yawa. Saboda haka ne Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Mu dai fallaye 3 da ruwa ya lalata, kafinta ya jiƙa su da ruwa, ya rufe hanci da baki, ya cire su ɗungurungum ba tare da ya fasa ba, aka kuma kore mu yara daga wurin. Haka kuma tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara, don haka a jiƙe ake kankare shi, a kwashe ɓarɓashin nan da nan.

Bayan an gama da ƙashin gida, sai aka koma kan ado, kuma a nan ne aka sha daga. Falon marigayi yana nan yadda ya shirya shi fiye da shekara 30 da suka wuce. Rabin bango na ƙasa kore ne shar na fentin mai, rabin sama ruwan ɗorawa. Ga manya-manyan kujerun kushin da suka cinye ɗakin, ga labule mai kauri ruwan jini, ga furannin roba da ƙura ta mayar ruwan toka, ga kalandu na shekaru daban-daban a jere, ga leda a ƙasa duk ta tattare. A zamaninsu waɗannan su ne alamar mutum ya waye. Yau kuwa mai shigowa ba ya ganin ɗakin, kayan yake gani.

Ka'idar da muka bi mai sauƙi ce: a rage kafin a ƙara. Aka fitar da kujeru aka bar 2 da ɗan tebur. Aka naɗe leda, sai ga danshi da wari a ƙarƙashinta, domin leda ba ta barin daɓe ya sha iska. Aka bar daɓen ya bushe, aka cike ramukansa, aka shimfiɗa tabarma mai tsabta. Bangon kuma aka shafe shi da launi ɗaya, ruwan madara. Dalili shi ne launi mai haske yana mayar da hasken da ya faɗa masa, sai ɗaki ya zama kamar ya ƙara faɗi, launi mai duhu kuwa shanye haske yake yi. Aka sa siririn labule fari, aka wanke gilashin taga, aka sa raga saboda sauro. Mai gyaran wuta ya canja tsofaffin wayoyi da makunnai, mai famfo ya toshe inda ke ɗiga. Makewayi da madafi aka ba su kulawa ta musamman, saboda Gwaggo ta ce namiji zaure yake dubawa, amma matarsa ce za ta duba madafi, kuma maganarta ce za ta yi tasiri a daren ranar.

Wani ƙanen mahaifina ya kawo shawarar a sa tayil ko'ina da silin na zamani mai fitilu. Baffa ya ƙi, ya ce kuɗin da za a zuba ba lalle ne ya dawo ba, kuma launin da ya burge mu yana iya zama shi mai saye zai fara fasawa. Gyaran da ke kawar da aibi shi ke ƙara kuɗin gida. Gyaran ƙawa kuwa, gara a bar wa mai shigowa ya yi son ransa.

Ɗakin Inna ne ya fi wuya. Tana da jere tun na aurenta: kwanukan sha da samiru da fantekoki da tangaran, an ɗora su bisa juna a cikin kabad har kusan silin, ga gadon ƙarfe mai rumfa. Ba wanda ya iya buɗe baki ya ce mata a sauke. Ni aka tura, don jika ba ya laifi. Na durƙusa na ce, "Inna, an ce in taya ki haɗa kaya." Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ka san daren da uwata ta yi tana jera waɗannan?" Ta yi shiru, sa'an nan ta ce in miƙo mata na can sama. Kwana 2 muka yi muna wankewa muna naɗewa a tsumma, kowane kwano tana gaya mini wanda ya kawo shi gudummawa. Ko ɗaya ba a sayar ba. Wasu ta raba wa jikokinta mata, sauran suna ɗakinta na yanzu. Darasin da na ɗauka shi ne, abin da mai saye ke gani tarkace, wani tarihinsa ne, don haka da lallashi ake sauke shi, ba da gaggawa ba.

Akwai kuma abin da muka ƙi taɓawa. A goshin zaure akwai zankwaye da zanen dagi wanda magini ya fitar da hannunsa tun ana ginin. Wasu sun ce a shafe, ya tsufa. Amma duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar fadar Sarkin Dutse da ke Garu ya ga yadda zanen bango ke ƙara wa gini kwarjini. Sai aka cike inda ya zaizaye kawai, aka bi shi da farar ƙasa. Ba duk tsohon abu ne yayinsa ya wuce ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Haka nan bishiyar dabinon da ke tsakar gida, sassabe busassun rassanta kawai aka yi, don kowa ya san Dutse da dabino.

Na ƙarshe kuma mafi muhimmanci, gyara daban, ɓoye aibi daban. A shari'a wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma idan ya ɓoye, mai saye yana da ikon warware ciniki. A bangon baya akwai wata tsaga da aka cike, amma magini ya ce tana iya dawowa. Da wani malamin makaranta ya zo dubawa, Baffa da kansa ya kama hannunsa ya kai shi wurin ya nuna masa. Na ji gabana ya faɗi, na ce shi ke nan ciniki ya watse. Mutumin ya tafi bai ce komai ba. Bayan mako guda ya dawo da nasa magini, suka duba, ya nemi a rage masa kuɗin gyaran bangon, aka rage. Ya ce tunda an nuna masa wannan, ya yarda babu wani a ɓoye. Aka yi sallama a gaban mai unguwa da shaidu, aka rubuta takarda, aka ba dillali la'adarsa wadda aka riga aka yanka tun farko.

Kuɗin bai kai burin da wasu suka ci ba, amma ko bayan an cire na gyara ya ɗara tayin farko nesa ba kusa ba. Inna ta samu ɗakinta, yayata kuma tana makaranta.

Saboda haka shawarata ga iyaye ita ce a fara da takarda da yardar magada, a bi da rufi da magudanar ruwa, sa'an nan a rage kaya a haskaka ɗaki, a kuma faɗi gaskiya. Mu ɗalibai kuwa, kada mu jira sai za a sayar da gida. Lokacin hutu mu yashe rariya, mu duba indararo, mu karya hanyar gara tun tana ƙarama. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a abin da suka bari, amin.