Babi na Tara: Bayar da Ƙwan Haihuwa da Lokacin da Yake Ci

A ranar 25 ga Yulin 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan mahaifiyarta da maniyyin mahaifinta a ɗakin gwaji, kafin a dasa ɗan tayin a mahaifa. Wannan hanya ce ake kira IVF. Ba a yi nisa ba, a farkon shekarun 1980, likitocin Jami'ar Monash da ke Melbourne a Ostireliya suka nuna cewa matar da ƙwanta ya ƙare ko ya lalace za ta iya ɗaukar ciki da ƙwan wata mace. Daga nan aka buɗe ƙofar bayar da ƙwan haihuwa.

Masu tallar wannan aiki sukan ce mako biyu kawai yake ɗauka. Mako biyun nan na allurai ne kaɗai. Daga ranar da mace ta nuna sha'awa zuwa ranar da jikinta ya koma daidai, yawanci watanni ne, kuma akwai wani sashe na alkawarin da ba ya ƙarewa.

Matakin tantancewa

Ba kowace mace ake karɓa ba. A Birtaniya, inda hukumar HFEA ke sa ido kan asibitocin haihuwa tun 1991, ana neman 'yar shekara 18 zuwa 35. A Amurka, ƙungiyar likitocin haihuwa ta ASRM ta fi son 'yar 21 zuwa 34. Dalili kuwa shi ne ingancin ƙwai yana raguwa idan shekaru suka miƙa.

Abu na farko shi ne tarihin lafiya: nata, na iyayenta, na kakanninta da 'yan'uwanta. A nan ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi, domin duk cutar gado da ta ɓoye, yaron da za a haifa ne zai ɗauki nauyinta. Sai gwajin jini na ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, da kuma gwajin cututtukan gado irin su sikila. Ana auna wani sinadari a jini mai suna AMH, a kuma yi sikanin gidan ƙwai, don a ƙiyasta yawan ƙwan da take da shi. Bayan haka ta zauna da mai ba da shawara, a tabbatar ta fahimci abin da za ta shiga, kuma ba tilasta mata aka yi ba.

Ziyarar asibitin a wannan mataki ba ta da yawa, jira ne ke da yawa. Sakamakon gwajin gado kan ɗauki makonni. Idan kuma sai an haɗa ta da wani iyali na musamman, jiran kan kai watanni, a Amurka har da lauyoyi da sa hannu a yarjejeniya. Asibitocin da ke daskarar da ƙwai su ajiye sun rage wannan jira, tunda ba sai an daidaita al'adar mata biyu ba. Inda ake so a yi amfani da ƙwan nan take kuwa, akan ba ta ƙwayar tazarar haihuwa na makonni biyu zuwa uku don lokacinta ya zo daidai da na mai karɓa.

Kwanakin allura

A kowane wata jikin mace kan tayar da ƙwai da dama, ɗaya ya nuna, sauran su bushe. Aikin allurar shi ne ta ceto waɗannan da za su bushe, su nuna tare. Shi ya sa bayarwa ba ta ƙarar da ƙwan mace, wadda tun ranar haihuwarta ta zo da ƙwai miliyan ɗaya zuwa biyu, alhali kusan ɗari huɗu ne kawai za su nuna a tsawon rayuwarta.

Allurar kullum ce, kwana goma zuwa sha biyu, a fatar ciki, kuma mafi yawan lokaci ita za ta riƙa yi wa kanta a sa'a guda da aka tsayar. Duk bayan kwana biyu ko uku, wani lokacin kullum idan an kusa ƙarshe, za ta je asibiti da sassafe a ɗebi jini a yi sikanin. Da abin da aka gani likita zai ƙara magani ko ya rage.

A nan ne nauyin yake. Kowace ziyara ba ta cika wuce awa ɗaya ba, amma ba ita ke zaɓen ranar ba, jikinta ne ke zaɓa. Ɗaliba mai jarrabawa, ma'aikaciya mai shiga aiki ƙarfe takwas, uwa mai kai yara makaranta, duk sai sun sassauta harkokinsu. Ba tafiya nesa. Ba motsa jiki mai tsanani, domin gidan ƙwai ya kumbura, yana iya murɗewa. Ba saduwa da namiji, domin ɗaukar ciki, har na tagwaye ko fiye, ya yi sauƙi ƙwarai a wannan lokaci. Ga kumburin ciki, ciwon kai da saurin fushi da kan zo tare da maganin.

Idan ƙwan ya kai girman da ake so, sai allurar ƙarshe. Wannan ba ta karɓar uzuri. Sa'a 34 zuwa 36 bayanta ake cire ƙwan, don haka idan an ce ƙarfe goma na dare, to goma ce. Kuskuren 'yan sa'o'i na iya ɓata wahalar watanni.

Ranar cirewa da bayanta

Cirewar kanta minti ashirin zuwa talatin ce. Ana ba ta maganin barci, likita ya bi ta farji da siririyar allura yana duba sikanin, ya zuƙo ƙwan. Ba yanka, ba ɗinki. Za ta huta awa ɗaya ko biyu, kuma dole wani ya raka ta gida. Yawancin mata kan koma aiki bayan kwana ɗaya ko biyu, amma jiki ba ya komawa daidai sai al'ada ta zo, cikin kimanin mako biyu.

A waɗannan kwanaki ake fargabar matsalar da likitoci ke kira OHSS, inda gidan ƙwai ke kumbura fiye da kima, ruwa ya taru a ciki. Mai tsanani ba ta cika faruwa ba, amma idan ta faru tana kwantar da mace a asibiti. Amai, ƙaruwar nauyi farat ɗaya, ƙarancin fitsari ko sarƙewar numfashi alamu ne na a garzaya wurin likita. Mai son sake bayarwa sai ta huta wata biyu zuwa uku, kuma ASRM ta ce kada a wuce sau shida a rayuwa.

Alkawarin da ba ya ƙarewa

Birtaniya ta hana sayar da ƙwai, sai dai diyyar lokaci da ɗawainiya, wadda ta kasance fam 750 kafin a ɗaga ta zuwa kusan fam 1,000 a Oktoban 2024. Wannan diyya ba ta shafi abin da ke gaba ba. Duk yaron da aka haifa a can da ƙwan da aka bayar tun daga Afrilun 2005 yana da ikon sanin sunan wadda ta bayar idan ya cika shekara 18, kuma rukunin farko sun kai wannan shekaru a 2023. Ko a ƙasashen da ake ɓoye suna, gwajin DNA mai arha ya sa ɓoyon ya yi wuya.

Ga musulmi akwai tambayar da ta riga duk wannan lissafi. Fatawar Azhar ta 1980 da matsayar Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a Amman a 1986 sun halatta IVF tsakanin miji da matarsa, suka haramta shigowar ƙwai ko maniyyin wani na uku, saboda kare nasaba. A Iran kuwa, fatawar Ayatullahi Khamenei ta ba da dama bisa sharuɗɗa.

Saboda haka, duk matar da aka tunkara da wannan magana, kada ta tsaya a kan mako biyun da aka faɗa mata. Ta lissafa watannin, ta tambayi likita wa zai ɗauki nauyinta idan matsala ta taso, ta nemi hukuncin addininta da shawarar iyalinta, sannan ta tuna cewa ɗan da zai fito daga wannan ƙwai jininta ne har abada.