Zaɓen Tanti Ga Falken Shanu: Abin Dubawa Kafin A Fitar Da Kuɗi



Kowa a cikinmu ya san cewa daga Paga zuwa kasuwar Turaku da ke Ashaiman tafiya ce ta fiye da kilomita 800, kuma ba kullum ake yin ta yadda aka shirya ba. Wata rana takardun likitan dabbobi ne za su tsayar da kai a bakin iyaka, wata rana tirela ce za ta lalace tsakanin Buipe da Kintampo, wata rana kuma ka iso lafiya amma kasuwa ta yi sanyi, sai an yi kwanaki ana jira. A duk waɗannan wurare mutum yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa. Maigida kan samu ɗaki a wurin mai masaukinsa, amma yaran da ke tsaron shanu fa? Yawancinsu a ƙarƙashin mota suke kwana, ko a kan buhu a fili. Daga nan ake kwaso zazzaɓin sauro, da mura mai sauka a ƙirji, da harbin kunama. Kwana a ƙarƙashin tirela kuwa ganganci ne, domin direba na iya tayar da mota da asuba bai san da mutum ba.

Shi ya sa 'yan'uwa da yawa a Nima da Maamobi suka fara tambaya a kan tanti. Wasu an kawo musu daga Turai, wasu sun gani a wurin masu gwanjo a Kantamanto, an ce musu wai wannan na “yanayi huɗu” ne, babu irin yanayin da ba zai ɗauka ba. To, kafin a ƙirga kuɗi, ga bayani.

YANAYI HUƊUN BATURE DABAN, NAMU DABAN

Idan Bature ya ce tantinsa na yanayi huɗu ne, abin da yake nufi shi ne tantin zai jure lokacin sanyinsu, wato ƙanƙara mai zuba ta taru a kan rufi, da iska mai ƙarfi ta kan duwatsu. Saboda haka akan yi masa sanduna da yawa masu gicciye juna, a rage masa raga, a saukar da rufin har ƙasa don kada iska ta shiga. An yi shi ne don ya riƙe ɗumi. Ka kafa irin wannan a Bolga ko Navrongo a watan Maris, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ai tanderu ka gina wa kanka.

Mu ma muna da namu huɗun: hunturu, bazara, damina da kaka. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana zuwa da ƙura da sanyin asuba. Bazara tana zuwa da zafi da guguwar farkon ruwa. Damina a arewa ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. A nan kudu kuwa biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Kun ga ke nan falke zai iya barin Puitenga ko Fada Ngurma cikin ƙura da rana, bayan kwana uku ya tarar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a Kumasi ko Ankara. Tantin da muke bukata shi ne mai ƙarfin wancan na Turai a gaban iska da ruwa, amma mai shan iska ta ko'ina.

ABU NA FARKO: YADI

Iri huɗu ne aka fi samu.

Akwai kanbas na auduga, irin na sojoji. Yana numfashi, ba ya tara gumi a ciki, ya fi sanyi da rana, kuma idan ya yage mai ɗinkin tamfol zai gyara shi. Aibinsa nauyi, sannan idan aka naɗe shi da danshi sai ya yi fumfuna ya ruɓe. Sabon kanbas yakan ɗiga a ruwan farko. Maganin wannan shi ne a kafa shi a gida, a jiƙa shi sosai, a bar shi ya bushe, a maimaita sau biyu ko uku. Zaren zai kumbura ya toshe hujin allura.

Akwai na roba marar nauyi, wato nailan da foliyesta. Su ne akasarin tantunan Turai. Nailan yana da ƙarfi, amma yakan saki idan ya jiƙe, kuma ranarmu tana cin sa da wuri. Foliyesta ya fi jure rana. Idan za a zaɓa tsakanin biyun, a ɗauki foliyesta.

Akwai haɗin auduga da foliyesta. Wannan shi ne tsaka-tsaki, kuma ga wanda zai iya kuɗinsa shi ya fi dacewa da mu.

Sai tamfol. Mai kauri irin na rufe kayan tirela yana daɗewa, ruwa ba ya ratsa shi, amma ba ya numfashi sam. Shuɗin nan na leda mai arha kuwa, wata kaɗan a rana sai ka ga yana marmashewa. Arha ba ta ado, in ji masu magana.

Mu da muke tafiya a mota, nauyi ba shi ne damuwarmu ba. Masu hawan dutse ne ke biyan kuɗi mai yawa don a rage musu kilo ɗaya, tunda a baya suke goyo. Kada a sayar maka da tsada a kan abin da ba ka bukata.

ABU NA BIYU: LAMBAR RUWA

A jikin jakar tanti ko a takardarsa za ka ga lamba da “mm” a gabanta, kamar 1,500 ko 3,000. Ma'anarta ita ce tsawon ruwan da za a tsayar a cikin bututu a kan yadin kafin ya fara ratsawa. Lamba 3,000 tana nufin ruwa mai tsawon mita 3. Mai 1,500 zai tare yayyafi da ruwa matsakaici. Ga irin ruwan Yuni na Ankara ko na Agusta a Tamale, wanda iska ke korowa, a nemi rufi mai 3,000 zuwa sama, shimfiɗar ƙasa kuma 5,000 zuwa sama, domin gwiwa da gwiwar hannu suna danna ruwa ya ratso ta ƙasa.

Amma lamba kaɗai ba ta isa ba. Ruwa ya fi shiga ta wurin ɗinki. A juya yadin a duba ko an manna siririn tef a kan kowane layin ɗinki. A kuma tabbatar shimfiɗar ƙasa a ɗinke take da jikin tantin, kuma ta ɗago sama kamar faɗin tafin hannu a kowane gefe, kamar daro. Wannan ne ke hana ruwa mai gudu shiga, shi ne kuma ke hana kunama da maciji.

ABU NA UKU: SANDUNA, IGIYA DA TURAKU

Sandunan da ake lanƙwasawa iri biyu ne. Na gilashin roba sun fi arha, amma idan guguwa ta murɗa su sukan tsage su huda yadi. Na alminiyam sun fi tsada, sai dai lanƙwashewa suke yi ba fashewa ba, kuma ana iya gyara su a hanya. Idan babban tantin kanbas ne, sandar ƙarfe ta fi.

Wajen siffa, gajere mai kama da kifaffiyar ƙwarya ya fi jure iska a kan dogo mai miƙaƙƙen bango. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Ku dubi bukkar Fulani a ruga, ko tantin fata na Buzaye: duk a durƙushe suke, iska na bi ta kansu ta wuce.

Turakun waya da ke zuwa cikin jaka ba su da amfani a ƙasar marmara ta arewa, bugu ɗaya sun lanƙwashe. A kai wa maƙeri ko mai walda rodi ya yanka guda goma sha biyu, kowanne kamar santimita 30, ya lanƙwasa kan. A wurin yashi kuma a ɗaura igiya a guntun itace a binne shi a kwance. Turke a karkace ake kafa shi, kansa na kallon nesa da tanti. Mu da muka san ɗaure sa, wannan ba sai an koya mana ba.

ABU NA HUƊU: ISKA DA SAURO

A nemi tanti mai riga biyu: ta ciki mai raga, ta waje mai tare ruwa, da tazara a tsakaninsu. A nemi mai ƙofa biyu ko taga masu fuskantar juna, kowace da raga da kuma marfin yadi. Da bazara a buɗe marfi a bar raga, da hunturu a rufe marfi saboda ƙura. Ragar ta zama mai ƙananan ido. Idan rumfar tamfol ce kawai aka kafa, to dole a rataya gidan sauro mai magani.

Kada a cusa mutum biyar a tantin mutum uku a rufe ko'ina. Lokacin rani a arewacin Gana da Burkina lokacin sanƙarau ne, kuma cunkoso a wurin da ba iska yana taimaka masa yaɗuwa. Lissafin Bature na “mutum biyu” kwanciya ce kafaɗa da kafaɗa, babu jaka babu buta. Idan ku biyu ne ku sayi na mutum uku, idan ku uku ne ku sayi na huɗu.

Zif shi ne abin da ke fara mutuwa, ƙurar hunturu ce ke cinye haƙoransa. A zaɓi mai manyan haƙora, a riƙa goge shi da tsohon buroshi, a shafa masa kyandir. Kada a sa man inji, ƙura yake kamawa.

IDAN NA GWANJO NE

Babu laifi a sayi na hannu, amma a kafa shi a gaban mai sayarwa. A ƙirga sanduna. A shiga ciki da rana a duba ko haske na shigowa ta huji. A shafa cikin rufin: idan yana danƙo, ko yana ɓarewa kamar fatar maciji, ko yana tsami, to maganin hana ruwan ya mutu, kuma ba ya dawowa. A ƙarshe a watsa masa bokitin ruwa. Mai kayan da ya ƙi yarda da wannan gwaji, a bar masa kayansa.

INDA ZA A KAFA

Tanti mai kyau a mugun wuri banza ne. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, hunturu kuma daga arewa maso gabas. Saboda haka a juya wa gabas baya, ƙofa ta kalli yamma. A nemi tudu, a guji kwari da busasshen rafi ko da sama tana garau, domin ruwan da aka yi a nesa yana iya isowa cikin dare. Masu bin hanyar Bolga zuwa Tamale su kula da bakin kogi a Pwalugu: yawanci a Agusta ko Satumba ake sakin ruwan madatsar Bagre ta Burkina, kogin ya cika ya malala. A nan Ankara ma ba mu manta daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka ci rayuka fiye da 150. Wanda ya san babbar kwatar Nima idan ta cika, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kada a kafa a gindin itace tilo lokacin hadari. Tanti ba ya tare tsawa. Idan walƙiya ta yi yawa, gidan gaba na tirela a rufe ya fi aminci. A kuma bar tazara tsakanin tanti da garke, a ɗaura farin ƙyalle a igiyoyi, domin sa ɗaya idan ya firgita cikin dare zai iya tafiya da tantin da mutanen ciki.

WUTA

Wannan shi ne gargaɗi mafi girma. Kada a shigar da kurfoti, ko risho, ko tukunyar gas cikin tanti, komai sanyin da ake yi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, sai barci mai nauyi, daga nan mutum ba ya farkawa. Ko garwashin da ya yi kamar ya mutu yana fitar da ita. Ga kuma gobara: tantin roba cikin ƙiftawar ido yake narkewa ya manne a jiki. Alhazanmu sun tuna gobarar Mina ta watan Afrilu 1997, wadda ta hallaka mahajjata fiye da 340, bayanta ne hukumomin Saudiyya suka canja tantunan wurin da irin waɗanda wuta ba ta ci. A dafa shayi a waje, nesa da yadi. Maganin sanyi bargo ne, da hula, da tabarma ko katifar soso a ƙasa. Haske kuma tocila ko fitilar sola.

SHAWARA A TAƘAICE

Ga mai ƙaramin ƙarfi: tamfol mai kauri, mita 4 a 6, irin girman da ƙungiyoyin agaji ke rabawa, da igiya, da turakun rodi, da gidan sauro. A ɗaura gefe ɗaya a jikin tirela bayan an shaida wa direba, a karkata ɗaya gefen ƙasa don ruwa ya gangara.

Ga mai matsakaicin ƙarfi: gajeren tantin foliyesta mai riga biyu da sandunan alminiyam, sannan a shimfiɗa tamfol a samansa da tazara. Tamfol ɗin zai sha rana, tantin ya daɗe, ciki ya yi sanyi.

Ga masu tafiya ayari, ko masu daɗewa a kasuwa: a haɗa kuɗi a sayi babban na kanbas, a damƙa wa mutum ɗaya alhakin shanya shi da ƙirga kayansa bayan kowace tafiya.

Kakanninmu da suka riƙa koro shanu a ƙafa ta Salaga, su haye ruwa a Yeji su sauka Prang da Kumasi, ba su da zaɓin da muke da shi yau. Yaron da ke kwana da dukiyarka amana ce a hannunka. Kuɗin tanti mai kyau bai kai kuɗin maraƙi ɗaya ba, kuma yaron da ya yi barci sosai shi ne zai ji motsin ɓarawo, shi ne zai lura da saniyar da ta faɗi a cikin mota kafin 'yan'uwanta su tattake ta.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.