Ƙawancen Ƙasashen Tafkin Chadi: Daga Rabon Ruwa Zuwa Rundunar Haɗin Gwiwa

Ƙasashe huɗu ne suka haɗa iyaka a Tafkin Chadi, wato Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma ƙawancen da ke tsakanin gwamnatocinsu yana cikin mafi daɗewa a Afirka. An ƙulla shi ranar 22 ga Mayu, 1964, a birnin Fort Lamy wanda a yau ake kira Njamena, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani da François Tombalbaye da Ahmadu Ahijo suka kafa Hukumar Tafkin Chadi. Daga baya Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta shigo, Libiya ma ta biyo a 2008. Hedikwatar hukumar tana Njamena har yanzu, Najeriya ce ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin tafiyar da ita, kuma bisa al'ada ɗan Najeriya ne ke riƙe muƙamin babban sakatarenta.

A farkon lamari ruwa ne kan gaba, ba a maganar soja. A wancan lokaci faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke shiga cikinsa daga kogin Shari da Logone yake zuwa, ta kudu. Ta yamma kuwa akwai Komadugu Yobe, wanda kogin Haɗeja da na Jama'are ke ciyarwa. Ma'ana, dam ɗin da aka gina a Kano, kamar na Tiga, yana iya rage ruwan manomin Diffa a Nijar, haka nan noman rani a arewacin Kamaru yana iya taɓa masuncin Baga a Najeriya. Don haka yarjejeniyar ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin sanar da sauran kafin ta fara wani babban aiki da zai shafi ruwan.

Farin shekarun 1970 da na 1980 ya gwada wannan alkawari. Tafkin ya janye har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa, ya rabu gida biyu, arewa da kudu. Babban aikin ban-ruwa da Najeriya ta kashe maƙudan kuɗi a kansa a yankin Marte ya tsaya cik, domin ruwan ya gudu ya bar magudanan da aka haƙa masa. Bincike a nan ya zama dole. Hukumar ta riƙa tattara ma'aunin ruwan sama da na koguna da na ƙarƙashin ƙasa tare da masana daga Faransa da Jamus, Najeriya kuma ta kafa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, wadda ke aiki kan irin alkama da gero. A 2012 shugabannin ƙasashen sun amince da kundin dokar rabon ruwa. Akwai kuma tsohon shirin nan na Transaqua, wanda wani kamfanin Italiya ya zana, na janyo ruwa daga rassan kogin Kwango ta doguwar magudana zuwa Shari. An sake tayar da maganarsa a babban taron Abuja na 2018, amma har yau yana kan takarda, saboda tsadarsa da kuma adawar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wadda ruwan nata ne.

Janyewar ruwan ta haifar da wata matsala da ba a yi tsammani ba. Tsibirai sun ɓullo, ƙasa mai albarka ta fito, masunta da manoma suka riƙa bin ruwa duk inda ya nufa ba tare da sanin sun tsallake iyaka ba. A 1983 sojojin Najeriya da na Chadi sun gwabza a kan wasu tsibirai. Bayan wannan ne aka ɗora wa hukumar aikin shata iyakoki a cikin tafkin, aka kafa alamomi tsakanin 1988 da 1990. Rikicin Darak, garin masunta da 'yan Najeriya suka cika a ɓangaren Kamaru, sai da ya kai Kotun Duniya, wadda ta yanke hukunci a Oktoban 2002, Najeriya ta miƙa ƙauyukan a ƙarshen 2003 ba tare da an harba harsashi ba. Wannan na cikin manyan nasarorin ƙawancen, ko da yake ba kasafai ake ambatonsa ba.

Ta fuskar ciniki kuwa, jama'a sun riga gwamnatoci nisa. Bandar da ake ƙyafewa a tsibirai tana sauka a kasuwar Doron Baga, a ɗure ta a kwalaye, manyan motoci su kwashe zuwa Maiduguri, daga can har Anaca da Legas. Jan tattasan da ake nomawa a bakin Komadugu ta ɓangaren Diffa kusan duk kasuwannin Najeriya yake nufa, shi ya sa naira ke yawo a garuruwan yankin kamar a gida. Shanun Chadi suna bi ta Kuseri da Fotokol su shigo Gamboru Ngala. Abin da ke wahalar da haɗa wannan ciniki a hukumance shi ne, Najeriya da Nijar sun daɗe a ƙungiyar ECOWAS ta yammacin Afirka kafin Nijar ta fice, Chadi da Kamaru kuwa suna ƙungiyoyin tsakiyar Afirka, kowane ɓangare da dokokin kwastan ɗinsa. Kuɗin ma uku ne: naira, da sefa iri biyu.

Haɗin gwiwar soja ya fara ne da ƙaramin ƙarfi. A 1994 Najeriya ta kafa wata runduna don maganin 'yan fashi da masu fasa-ƙwaurin makamai a iyakarta ta arewa maso gabas, a 1998 Chadi da Nijar suka shigo, aka ajiye hedikwata a Baga. A 2012 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da yaƙi da Boko Haram, amma rundunar ba ta da ƙarfin a-zo-a-gani. A farkon Janairun 2015 mayaƙan ƙungiyar suka mamaye Baga, suka ƙwace sansanin, suka kashe jama'a masu yawa. Wannan ne ya farkar da kowa. Kafin ƙarshen watan, Kwamitin Sulhu da Tsaro na Tarayyar Afirka ya amince da sabuwar runduna mai dakaru 7,500, adadin da aka ƙara daga baya. Jamhuriyar Benin ta shiga, aka mayar da hedikwata Njamena, aka kuma raba fagen daga shiyya huɗu: Mora a Kamaru, Baga Sola a Chadi, Diffa a Nijar, sai shiyyar Najeriya da ta zauna a Baga kafin a mayar da ita Monguno. Kwamandan rundunar ɗan Najeriya ne kullum. Najeriya ta yi alkawarin dala miliyan 100, Tarayyar Turai ta ba da yuro miliyan 50 ta hannun Tarayyar Afirka, Amurka da Birtaniya da Faransa kuma suka taimaka da horo da bayanan sirri.

An ga amfanin haɗa ƙarfi tun a watannin farko na 2015, lokacin da sojojin Chadi suka tsallako suka ƙwato Gamboru da Dikwa, sannan tare da na Nijar suka karɓe Damasak. Sai dai wanda ya ji an ce rundunar haɗin gwiwa, kada ya ɗauka sojoji ne da aka cakuɗa wuri guda ƙarƙashin umarni ɗaya. Galibi kowace ƙasa a cikin iyakarta dakarunta ke aiki, ita ke biyansu, kuma kwamandan shiyya ya fi sauraron babban birnin ƙasarsa a kan Njamena. Akan haɗu a yi gagarumin farmaki na 'yan watanni, a kori mayaƙa daga tsibirai, sojoji su koma bariki, mayaƙan su dawo. Ga bambancin harshen aiki, wasu Turanci wasu Faransanci, ga jinkirin kuɗin masu ba da tallafi. Chadi ta sha ƙorafin cewa ita kaɗai aka bar wa kaya, musamman bayan harin Bohoma na Maris 2020 da ya hallaka sojojinta kusan ɗari, da na Barkaram a Oktoban 2024 wanda bayansa shugaba Mahamat Déby ya yi barazanar ficewa.

Matakan tsaro sun kuma ci karo da ciniki. Domin toshe wa mayaƙa hanyar samun kuɗi, an hana kamun kifi da safararsa a wurare da dama, an rufe kasuwanni, a Diffa an hana hawa babur, an takura cinikin tattasai da sayen takin zamani. Talaka ne ya fi jin jiki, kuma ɓangaren ISWAP da ya ɓalle daga Boko Haram ya yi amfani da wannan giɓi, yana barin masunta su yi sana'arsu yana karɓar haraji. Ganin bindiga kaɗai ba ta isa ba, a 2018 aka kafa dandalin gwamnonin yankin, wanda ya fara zama a Maiduguri, aka kuma amince da shirin farfaɗo da jihohi da larduna takwas da rikicin ya shafa, ciki har da Borno da Yobe da Adamawa da Diffa. A ƙarƙashinsa ne aka sake gina ofisoshin 'yan sanda da makarantu da kasuwanni a garuruwan iyaka irin su Banki.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ya kawo babbar ɓaraka. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, har aka yi maganar amfani da ƙarfin soja. An ɗage takunkumin a farkon 2024, amma zumuncin bai koma yadda yake ba. Nijar ta haɗe da Mali da Burkina Faso a ƙawancen ƙasashen Sahel na AES, ta bar ECOWAS a Janairun 2025, sannan a ƙarshen Maris na shekarar ta sanar da janye dakarunta daga rundunar haɗin gwiwar, tana mai cewa za ta mayar da hankali kan tsaron wuraren haƙar man fetur ɗinta. Hakan ya cire shiyyar Diffa, mai gadin dogon bakin Komadugu, daga tsarin da aka gina a 2015, ya bar Najeriya da Chadi da Kamaru da ɗaukar nauyin sauran shiyyoyin uku.