Tallafin Sana'a A Jalingo: Wanne Ne Kyauta, Wanne Ne Bashi?

Duk wanda ya bi titin Hammaruwa a Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, ko ya kutsa cikin Babbar Kasuwa, zai tarar da teloli da maƙera da 'yan tireda da mata masu sayar da busasshen kifi, waɗanda kukansu ɗaya ne, watau rashin jari. Saboda haka da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin tallafi sai a yi dafifi a shagunan masu kwamfuta don cika fom. Amma fa kalmar tallafi lulluɓi ce, a ƙarƙashinta akwai kyauta akwai kuma bashi, kuma ba kowa ke tsayawa ya tambayi wanne ake miƙo masa ba.

A 2018 Gwamnatin Tarayya ta raba wa ƙananan 'yan kasuwa Naira 10,000 kowanne a shirin TraderMoni ta hannun Bankin Masana'antu. Rance ne marar ruwa da za a biya cikin wata 6, wanda ya biya kuwa ya cancanci a ba shi fiye da haka. To, da yake rabon ya zo gab da zaɓen 2019, mutane da dama sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. Irin wannan fahimta ce ta dagula rancen manoman shinkafa da Babban Bankin Nijeriya ya soma a 2015. Ga shi tun 2020 bankuna na da ikon bin lambar BVN su cire kuɗinsu daga kowane asusun mai bashi, muddin ya sa hannu a kan wannan sharaɗi.

Kyauta ta gaskiya, wadda ba a biya, ita ma akwai ta, sai dai ba a banza take zuwa ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne gasar YouWiN ta 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan da Ministar Kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala. Kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, 1,200 suka samu, kowanne tsakanin Naira miliyan 1 zuwa miliyan 10. Kafin mutum ya kai nan sai ya rubuta tsarin sana'arsa dalla-dalla: abin da zai sayar, wanda zai saya, ribar da yake tsammani, da yawan ma'aikatan da zai ɗauka. Fiye da rabin masu nasarar ma ƙuri'a ce ta fid da su daga cikin waɗanda takardunsu suka tsallake tantancewa. Kuɗin kuma ba a damƙa su gaba ɗaya ba, kashi-kashi aka riƙa sakinsu, sai an ga abin da aka yi da na baya. Binciken da Bankin Duniya ya yi daga bisani ya nuna sana'o'in da suka samu sun fi ɗorewa, sun kuma fi ɗaukar ma'aikata.

Gidauniyar Tony Elumelu, wadda ta soma shirinta a 2015, ita ma irin wannan hanya ta bi: horo tukuna, sa'an nan jarin Dalar Amurka 5,000. Ranar 1 ga Janairu takan buɗe ƙofar nema ta intanet. Abin takaici shi ne fom ɗin ba da Hausa ko Fulatanci yake ba, don haka gwanin tela a Sabon Gari da bai yi nisa a boko ba dole ya nemi mai rubuta masa.

Bayan janye tallafin man fetur a 2023, gwamnati ta yi shelar kyautar Naira 50,000 ga masu ƙananan sana'o'i miliyan 1 a ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, har da 16 na Taraba, aka kuwa soma biya a 2024. A shekarar nan kuɗin ba su isa sayen babban buhun shinkafa ba, amma ga mai tuyar ƙosai ba abin rainawa ba ne. A nan ma sai da aka nemi lambar katin ɗan ƙasa da ta BVN, wanda sunansa ya saɓa a tsakaninsu kuwa yakan sha wuya.

Abin da mai nema zai tanada tun kafin a yi shela bai wuce rajistar sunan sana'a a hukumar CAC ba, da asusun banki, da ɗan littafin da yake rubuta cinikin yau da kullum. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa da dokar 2003 don raya ƙananan sana'o'i, tana ba da shawara a kan haka. Fom ɗin waɗannan shirye-shirye kuwa ba a sayar da shi. Mai kwamfuta na iya karɓar ladan bugawa, amma duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya sa suna a jerin masu samu, ko ya bugo waya yana neman lambar sirri ta katin banki, ɗan damfara ne.