Mota Ta Tashi Daga Aiki: Kada Ka Sa Wa Kamfanin Inshora Hannu da Gaggawa

Ranar da mota ta yi raga-raga a hanya, in dai rai ya tsira, magana ɗaya ce a bakin 'yan jaje: Allah Ya mayar da alheri, dukiya ai fansar rai ce. Haka ne. Amma bayan an watse, janwe ya ja motar zuwa ofishin 'yan sanda ko garejin wani bakanike, sai mai ita ya tuna yana da inshora. Ya yi zirga-zirga ta makonni, a ƙarshe kamfani ya ce gyara ba zai yiwu ba, za a biya shi kuɗin motar. Da ya ga adadin, sai ya tarar ko rabin kuɗin irinta bai kai ba.

Kafin a zargi kowa, a duba wace takarda ce a aljihun motar. Mafi yawan masu inshorar mota a Najeriya ta ɓangare na uku ce gare su, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙara wa kuɗi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon shekarar 2023, kuma 'yan sanda suka matsa lamba a kanta daga 1 ga Fabrairun 2025. Wannan ba ta biyan ko kwabo a kan motarka. Ɓarnar da ka yi wa wani take ɗauka, ita ma in dukiya ce, iyakarta naira miliyan uku ga motar gida. In wani ne ya buge ka, daga inshorarsa za ka nema, abin da ya haura miliyan ukun kuwa tsakaninka da shi ne, a sasanci ko a kotu. Wannan ma sai takardar tasa ta gaskiya ce, don na bogi da ake bugawa a bakin ofisoshin lasisi sun yi yawa. Ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora na NIID a intanet, a ga ko akwai ta.

Wanda zai sa ran a biya shi kuɗin motarsa shi ne mai cikakkiyar inshora, wadda ake biyan aƙalla kashi biyar cikin ɗari na darajar motar duk shekara. A nan ne maganar tun ran gini tun ran zane ta shigo. Ƙa'idar da kamfanoni ke bi ita ce su duba abu biyu, farashin motar a kasuwa ranar da ta yi haɗari da kuma adadin da ka rubuta lokacin yin inshora, su biya wanda ya fi ƙanƙanta.

A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake sayarwa kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024, motoci 'yan Beljiyam kuwa da dala ake shigo da su. A ce ka yi wa Corolla ɗinka inshora a kan miliyan uku tun kafin nan, kana ta sabuntawa a haka saboda kuɗin shekara kada ya ƙaru, yau kuma irinta miliyan takwas ce a wajen dillalai. Miliyan uku ce ƙololuwar abin da za ka gani, kuma babu alƙalin da zai ƙara maka. Ni a ganina kamfanoni ma suna da laifi a nan, don da wuya ka ji wani ya kira mai mota ranar sabuntawa ya ce masa ya sake duba adadin. Amma asarar a kanka take faɗawa. Wanda ya zuga farashin fiye da kima shi ma bai ci riba ba, kuɗin kasuwa kawai za a ba shi.

Daga wannan adadin ma akan cire wani kaso da yarjejeniya ta ce kai za ka ɗauka a kowace asara. Yana rubuce a takardar, cikin ƙananan haruffan nan da ba mai karantawa.

Inda ake da bakin magana shi ne farashin kasuwa. Kamfani zai turo mai ƙiyasta asara ya duba motar ya rubuta rahoto. Ƙwararre ne, amma kamfani ne ya ɗauko shi, kamfani ne zai sallame shi. Tayin farko tayi ne, kamar na kasuwa, kana da damar cewa albarka. Sai dai ihu da rantsuwa ba sa aiki a ofishin inshora. Ka nemi su ba ka lissafinsu a rubuce. Ka zagaya wajen dillalan mota biyu ko uku su rubuta maka farashin irin taka, ƙira ɗaya, shekara ɗaya, tafiyar da ta yi kusan ɗaya. In ka sauya inji, ko giya, ko tayoyi kwanan nan, fito da rasit. Hotunan motar tun tana lafiya suna da amfani sosai, musamman in an ce wai dama ta tsufa. In gibin yana da yawa, ɗauki naka injiniyan mota ya yi ƙiyasi, kuɗinsa bai kai abin da za ka rasa ba. Wanda ya yi inshora ta hannun dillali mai rajista, ya sa shi gaba, aikinsa ke nan.

Akwai kuma gawar motar. In kamfani ya biya ka, ƙarfen ya zama nasa. In kana son riƙewa, za a cire kuɗinsa daga naka, saboda haka ka tambayi masu sayar da kayan gyara da 'yan gwangwan nawa zai yi kafin ka yarda da abin da aka yanke. Kada kuma a bar ta a inda za a kwance batir da fitilu da madubi kafin mai ƙiyasi ya zo, don a kanka za a lissafa.

Wasu tun ranar haɗarin suke ɓata wa kansu. Wani ya yi wata guda bai sanar da kamfani ba, alhali takardarsa ta ba shi wa'adi. Wani ba rahoton 'yan sanda. Wani yaron gida ne ke tuƙi ba lasisi, wani kuma motar gida ya rubuta yana kabu-kabu da ita. Kowanne daga cikin waɗannan ƙofa ce ta hana biya gaba ɗaya. Masu takaful, inshorar Musulunci, su ma wannan ya shafe su, sharuɗɗan neman diyya kusan iri ɗaya ne.

A ƙarshe za a miƙo maka takardar sallama, wadda ke cewa ka amince da adadin kuma ba ka bin kamfani komai. Akan kawo ta lokacin da ka gaji da hawan Keke Napep, 'yan makaranta na jira, kana son a gama. Da ka sa hannu, magana ta mutu. In ba ka gamsu ba, ka rubuta wa kamfanin ƙorafi, ka riƙe kwafi mai hatiminsu. In sun yi biris, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koke a kan kamfanonin inshora, hedikwatarta na Abuja, bayan ita kuma akwai kotu.

Kai da motarka ke lafiya yau, ɗauko takardar inshorarka da daddare ka duba adadin da ke ciki, gobe ka tambayi dillalin mota nawa irinta take. In akwai tazara, je ofishin kamfanin a gyara tun kafin ranar sabuntawa.