Birnin Gwari: Yadda kyautar babur daga kaka ke raba kan 'yan gida

Idan aka gama cire masara da waken suya a ƙasar Birnin Gwari, kuɗi kan ɗan zauna a aljihun manomi na wasu makonni. A irin wannan lokacin ne za ka ga dattijo ya turo ƙaramin babur, irin wanda ake kira roba-roba, galibi na hannu, ya jingine shi a zaure, ya aika a kira masa jikansa.

Yawanci jikan da ya ci sunansa ne, wanda iyaye ke sakaya wa suna da Abba ko Babangida saboda kunya. Shekarunsa ba sa wuce 13 ko 14. Tsohon zai fara da tsokana, kamar yadda aka saba tsakanin kaka da jika, ya ce ai ƙafar yaron ba za ta kai ƙasa ba, gara a mayar wa mai shi. Sai ya ga idon yaron ya ciko da hawaye, sannan ya miƙa masa makulli.

A Zariya ko Kano, abin da zai biyo baya bai wuce gargaɗin a kula da titi ba. A Birnin Gwari kuwa, daga nan ake buɗe muhawara a cikin gida, domin babu abin hawan da ya yi wa mutanen yankin rana kamar babur, kuma babu wanda ya sa su kuka kamarsa.

Abin hawan kowa, har da 'yan daji

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana da faɗi, ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Garuruwa irin su Randagi da Kakangi da Dogon Dawa da Kuyello da Damari suna da ƙauyukan da mota ba ta iya shiga da damina. Da babur ake kai taki gona, da shi ake fito da buhu zuwa bakin titi, da shi ake kawo mai naƙuda asibiti cikin dare. Gidan da babu babur, kullum cikin roƙon maƙwabta yake.

Wannan sauƙin shiga lungu shi ne ya sa 'yan bindiga suka riƙe shi. Gandun dajin Kamuku, wanda Gwamnatin Tarayya ta ɗaga darajarsa zuwa na ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. A cikin irin wannan daji motar sojoji sai ta bi hanya, shi kuwa babur ko turbar shanu ta ishe shi. Mutum biyu ko uku a kan kowane babur, da bindigogi a rataye: haka mazauna yankin suka riƙa bayyana maharan da suka addabe su shekara da shekaru.

An kashe masallata a Dogon Dawa a watan Oktoban 2012. An kashe gomman mutane a Gwaska a watan Mayun 2018. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗalibai a Kuriga, garin da ke Ƙaramar Hukumar Chikun a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. Har ta kai akwai wani ƙirar Honda da jama'a suka laƙaba wa suna Boko Haram, kuma ya zama ruwan dare masu garkuwa su nemi sababbin babura a kan kuɗin fansa.

Yaron da yake da shekara 13 a yau ya taso ne a cikin wannan yanayi. Ya koyi bambanta ƙarar babur ɗaya da ta ayarin babura tun kafin ya iya karatun Fatiha da kyau.

Wata ukun da aka ajiye makulli

Kakan da ke sayen babur a yau bai manta da ƙarshen watan Satumban 2021 ba. A lokacin ne gwamnatin Malam Nasir El-Rufai, ta bakin Kwamishinan Tsaron Cikin Gida Samuel Aruwan, ta haramta hawa babur a faɗin Jihar Kaduna na tsawon wata uku, na haya ne ko na gida. An katse layukan waya a wasu sassan jihar, an hana sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomin da rikicin ya fi shafa, an kuma dakatar da kasuwannin mako-mako, ciki har da na Birnin Gwari.

Manufar ita ce a toshe wa 'yan daji hanyar samun mai da abinci. Amma dokar ta faɗo daidai lokacin girbi, kuma manomin da ke bin doka shi ya fi jin ta a jikinsa, tunda wanda ke cikin daji ba ya jiran izinin kowa kafin ya tayar da babur. A watan Yulin 2022 ma Gwamnatin Tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana babura a duk faɗin ƙasar, maganar da ba ta kai ga zama doka ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla. A ƙarshen watan Nuwamban 2024 gwamnan ya je Birnin Gwari, ya karɓi rukunin farko na tubabbun 'yan bindiga, ya kuma sake buɗe kasuwar shanu ta Kara, wadda ta shafe kusan shekara goma a rufe. Motoci suka dawo bin hanyar Kaduna, manoma da dama suka koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba.

Saboda haka idan tsoho ya cire kuɗin masararsa ya sayi babur don yaro, ya yarda ne cewa hanyar gona ta buɗe kuma za ta ci gaba da zama a buɗe. Wannan yardar ce ba kowa a gidan ke da ita ba.

Hujjar tsoho, da damuwar uwa

Kakan yana da hujjojinsa, kuma ba na banza ba ne. Ƙarfinsa ya ragu, gonar tana da nisa, yana buƙatar mai kai wa 'yan ƙwadago abinci da ruwa. Roba-roba ba shi da nauyi, ba shi da kulocin hannu, ba ya shan mai sosai, abin da ya zama babban batu tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kusan Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ta ƙara hawa. Ga wata hujjar da tsofaffi ba su cika faɗa a fili ba: ƙaramin babur ba ya jure dajin Kamuku da mutum uku a kai, don haka bai kai manyan babura irin Boxer da Honda ɗaukar idon masu ƙwace ba.

Akwai kuma lissafin tarbiyya. A yankin da samari suka ga masu bindiga ne ke hawa sababbin babura, kuma inda Ƙungiyar Ci Gaban Masarautar Birnin Gwari ta sha kokawa a 2022 kan yadda 'yan Ansaru ke jawo matasa a gabashin masarautar, dattijo kan ga gara yaro ya samu babur ɗinsa na farko daga hannun jininsa, da gumin noma, kafin wani baƙo ya yi masa tayi.

Uwar yaron kuwa ba ta da bakin musa wa surukinta. Sai dai ta bi ta hannun mijinta ko ta kakar yaron. Abin da ke damun ta a bayyane yake. Yaro mai babur shi ake aika, kuma a ƙasar da aka daɗe ana farautar infoma da masu kai wa 'yan daji mai da burodi, aike ɗaya da bai san na wane ne ba ya isa ya jefa shi cikin zargin 'yan sa-kai ko jami'an tsaro. Idan kuma sulhu ya samu tangarɗa, wanda ke kan hanyar gona shi ke fara cin karo da abin da ya fito.

Ko da an cire batun tsaro, doka tana bayan uwar. A Najeriya sai mutum ya cika shekara 18 ake ba shi lasisin tuƙi, har da na babur. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano, amma a ƙauye da wuya ka ga kakan da ya haɗa kyautarsa da ita, alhali kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na babur ɗin. Titin da ya ratsa garin Birnin Gwari tsohuwar hanyar Legas ce, ta tireloli da tankokin mai, kuma zaman lafiyar da ya dawo da kasuwa shi ne ya dawo da su. A nan tsoho ya kan gaza: ya yi lissafin ɗan bindiga tsaf, ya manta da tirela.

A gidajen da aka yi dace, maganar kan ƙare ne da sharuɗɗa. Babu hawa babban titi, babu goyon abokai, babu karɓar saƙon wanda ba ɗan gida ba. Gona da gida, sai kuma islamiyya. Wani kawu ko bakaniken unguwa ya kai yaron filin makaranta ya koya masa birki kafin ya koya masa gudu.

Makullin kuwa a aljihun kakan yake kwana. Da safe yaron ya zo ya durƙusa ya gaishe shi ya karɓa, kafin kiran sallar Magariba kuma ya dawo da shi, tsohon na zaune a kan tabarma a ƙofar gida yana duban hanyar gona.